Tsakanin Albashi da Kasuwa: A Ina Allah Ya Tsayar da Bawansa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa tun ba su san kansu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Allah ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai wata magana da ke yawan tasowa a ƙofar zawiya bayan an tashi daga wazifa, lokacin da ake neman takalma ana gaisawa. Wani ɗan'uwa zai ja na kusa da shi gefe ya ce: "Malam, aikin nan fa ya ishe ni, so nake in ajiye in kama kasuwa." Malamin lakwal yana faɗin ta, ma'aikacin biro yana faɗin ta, haka direban kamfani, haka yaron shagon da ya shekara goma yana auna wa maigidansa shinkafa. Amsar da ake ba shi kuwa ba ta cika wuce biyu ba. Wani ya ce: "Fita kawai, arziki na Allah ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Wani kuma ya ce: "Kul! Kada ka saki reshe ka kama ganye."

Kowace amsa tana da rabonta na gaskiya, amma babu wadda ta ishi murid a cikinsu. Mutumin da ya riƙi wuridi, yake neman sanin Allah, tambayarsa ba ta tsaya ga inda kuɗi ya fi yawa ba. Yana so ya san a ina Ubangijinsa ya tsayar da shi, kuma wannan kiran da yake ji na ya tashi, daga Allah yake ko daga son rai.

Domin maganar ta sauko ƙasa, a ɗauki misalin wani malamin lakwal na kwantiragi a Madawa. Shekararsa takwas yana riƙe da alli. Yana da mata da ƴaƴa uku, mahaifiyarsa tana ƙauye tana jiran abin da zai aika, ƙanensa yana karatu a jami'ar Tawa. Albashin ba ya kai shi ashirin ga wata, sauran kwanakin bashin mai shago ne ke riƙe da gidan. Kullum in ya fito daga aji yana ganin manyan motoci sun ɗauko albasar Galmi za su Kumasi da Abijan, kuma abokinsa da suka yi lakwal tare yana cikin wannan fataucin, har ya gina gida ya sauke farali. Bana malamin ya kwashi adashi, jikka 600 sun taru a hannunsa karo na farko a rayuwarsa. Dare ya yi, barci ya ƙi zuwa. Me zai yi?

Ƙofofi biyu da mutanen kirki suka bi

Abu na farko da ya kamata ya cire daga ransa shi ne ganin cewa ɗaya daga cikin ƙofofin nan ta fi ɗaya tsarki a wurin Allah. Ana jin matasa suna cewa aikin albashi bauta ce, ana jin dattawan ma'aikata suna cewa kasuwa caca ce. Tarihin zaɓaɓɓun bayi bai goyi bayan ko ɗaya ba. Manzon Allah (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki ana biyansa lada, ya kuma yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija (RA). Annabi Musa (AS) ya yi aikin ƙodago a Madyana bisa yarjejeniyar shekara takwas ko goma, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas. Sayyidina Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya isa Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa na Ansaru Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'ar albarka ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, ya dawo da ƴar ribar cuku da man shanu.

Sayyidina Abubakar (RA) kuwa hanyar ya biyo ta baya. Ɗan kasuwa ne, kuma bayan an yi masa mubaya'a ya ɗauki tufafin sayarwa ya nufi kasuwa kamar kullum, domin iyalinsa suna buƙatar abinci. Sahabbai suka ga lamarin musulmi ba zai tafi haka ba, suka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitul mali. Wato mafificin wannan al'umma bayan Annabinta ya bar kasuwa ya karɓi albashi, domin a nan aka fi buƙatarsa.

Ɗariƙar Tijjaniyya ma ba ta sharɗanta wa murid barin sana'a ko shiga halwa ba. An san Shehu Ibrahim Inyass (RTA) da noma tare da karantarwa da tarbiyya, kuma cikin almajiransa akwai manoma da fatake da ma'aikatan hukuma. Saboda haka wanda ya zauna a aji bai ragu ba, wanda ya fita kasuwa bai ƙaru ba. Abin dubawa yana wani wuri.

Tawakkali aikin zuciya ne

Masu cewa a fita kawai, arziki na Allah ne, suna ganin barin albashi shi ne tawakkali. Sai a tambaye su: lokacin da mutumin yake aji, arzikin na wane ne? In dai na Allah ne a kasuwa, to na Allah ne a lakwal. Wannan magana gaskiya ce da ta shafi ƙofofin biyu daidai wa daida, don haka ba za ta iya zaɓa wa mutum ɗaya ba. Wanda ya kafa hujja da ita don ya fita, sau da yawa ya riga ya yanke hukunci ne, yana neman rigar addini da zai sa wa hukuncin.

Masu cewa a riƙe reshe su ma suna da nasu ciwon. Akwai ma'aikacin da zuciyarsa ta rataya ga ƙarshen wata har ya manta da Mai bayarwa. In an yi jinkirin biya kwana goma, sallarsa ta rikice, wuridinsa ya zama lissafi. Bakinsa yana cewa Allah ne Mai azurtawa, zuciyarsa kuwa tana kallon takardar albashi. Wannan ba kafirci ba ne, amma hijabi ne mai kauri, kuma mai shi bai cika saninsa ba sai ranar da aka taɓa albashin.

Shekarun baya-bayan nan sun koya wa mutanen kudancin Nijar cewa babu ƙofar da ba ta rufuwa. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020, kuma ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni sun san abin da suka gani. Bayan 26 ga Yulin 2023 takunkumi ya sake tsayar da motoci a kan iyaka, a lokaci guda kuma ayyuka da dama na ƙungiyoyin waje suka tsaya, masu albashi mai tsoka suka wayi gari a gida. Ɗan kasuwa ya ji a jikinsa, ma'aikaci ya ji a jikinsa. Wanda ya tsira da natsuwarsa a cikinsu shi ne wanda tun farko bai ɗauki ƙofa a matsayin Maigida ba.

Tawakkali yana zaune ne a zuciya, gaɓoɓi kuma aikinsu riƙon sababi. Shi ya sa da wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta, sannan ya dogara. Malamin nan na Madawa zai iya zama mai tawakkali yana aji, zai iya zama mai tawakkali yana bayan motar albasa, zai kuma iya rasa shi a duka wuraren biyu.

Darasin Ibn Aɗa'illah

Malaman tasawwufi sun daɗe da tattauna irin wannan hali a babin tajridi da asbabu, wato yanke hulɗa da neman abinci don ibada, ko zama a cikin sana'a. Ibn Aɗa'illah, malamin Iskandariyya mai littafin Hikam, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1309, ya ba da labarin kansa a littafinsa At-Tanwir. Wata rana ya shiga wurin shehinsa Abul Abbas Al-Mursi da niyyar ajiye karatu da karantarwa, yana ganin su ne suka tare masa hanya zuwa ga Allah. Tun bai buɗe baki ba, shehin ya soma ba shi labarin wani malami a garin Ƙus wanda ya taɓa zo masa da irin wannan niyya, da yadda ya umarce shi ya zauna a inda Allah ya ajiye shi, domin rabonsa na ma'arifa zai iske shi a nan. Ibn Aɗa'illah ya fito daga wannan zama tunanin ya wanke daga zuciyarsa.

Batun malamin Madawa ba tajridi ba ne, tashi ne daga wani sababi zuwa wani. Amma ma'aunin ɗaya ne. Bawa ba ya fitar da kansa daga inda aka ajiye shi don ransa ya gundura, ba ya kuma liƙewa a wuri don tsoro bayan alamu sun nuna an buɗe masa wata ƙofa. Kuskuren fuska biyu gare shi, kuma kowace fuska tana iya sa rawanin taƙawa. Masu sharhin Hikam sun ambaci alamar da bawa zai gane cewa an tsayar da shi a wani hali: halin ya ɗore masa, yana ba da amfaninsa, addininsa yana cikin aminci, kuma bai sa shi kwaɗayin abin hannun mutane ba.

Da wannan ma'auni murid zai zauna da ransa, bayan lazimin asuba lokacin da zuciya take kwance, ya yi masa tambayoyin da ba ya so. Da abokin nan bai gina gida ba, da tunanin fita ya zo? Abin da ke ƙona rai ƙarancin abinci ne a gida, ko kuwa jin wani yana ba da umarni ana bi? Sunan "Alhaji" ake nema ko halal? In an ce ribar kasuwa ba za ta wuce albashin ba har shekara biyar, za a fita? Rai yana da wayo. Yana iya ɓoye hassada a cikin kalmar himma, ya ɓoye girman kai a cikin kalmar ƴanci. Haka nan yana iya ɓoye ragwanci a cikin kalmar ƙana'a. Wanda ya ga ƙofa ta buɗe sarai, yana da ilimin sana'ar, iyalinsa suna cikin ƙunci, amma ya ƙi motsawa yana cewa ya yarda da ƙaddara, shi ma ransa ne ya yi masa dabara.

Akwai dalilan tashi da shari'a ta yarda da su, wasu ma ta wajabta. In aiki ba ya tafiya sai da cin hanci, ko sa hannu a takardar ƙarya, ko rubuta riba, ko kuma yana hana salla a kan lokaci ba tare da mafita ba, to neman wata hanya ya zama dole. In albashi ya gaza ciyarwar da ta wajaba bayan an rage duk abin da za a iya ragewa, wannan ma dalili ne mai ƙarfi. Haka in Allah ya hore wa mutum wata sana'a da jama'a ke buƙata, kamar gyaran famfo ko ɗinki ko kiwon kaji, kuma mutane sun soma nemansa da kansu. Waɗannan alamu ne na waje da kowa zai iya gani, ba motsin zuciya kaɗai ba.

Ba a tawakkali da cikin wani

Ko da dalilin tashi ya inganta, saura haƙƙoƙi. A nan ne masu zafin himma suka fi faɗuwa. Mutum yana da ikon ya jure yunwa don kansa, amma ba shi da ikon ya ɗora ta a kan matarsa da ƴaƴansa da tsohuwarsa, sannan ya kira abin tawakkali. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya tozarta waɗanda ciyarwarsu ke wuyansa.

Ana yawan kawo labarin Sayyidina Abubakar (RA) da ya ba da dukiyarsa duka, kuma gaskiya ne. Amma a tuna Ka'abu ɗan Malik (RA) ya so ya yi haka bayan an karɓi tubansa, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya riƙe wani sashi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, aka tsayar da shi a sulusi, aka nuna masa barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙo. In a wajen sadaka, wadda ladanta tabbas ne, an tsayar da sahabi a kan iyaka saboda iyali, ina ga zuba dukan abin hannu a kasuwar da ribarta zato ce? Maƙamin Siddiƙu na Siddiƙu ne, kuma iyalinsa irinsa ne wajen yaƙini. Wanda bai kai can ba, ladabinsa ya san matsayinsa.

Saboda haka jikka 600 ɗin nan ba na malamin kaɗai ba ne, ko da sunansa ne a kan adashin. A cikinsu akwai buhun hatsin mahaifiyarsa, akwai maganin yaro in zazzaɓi ya kama shi da damina. Ya wajaba ya zauna da maiɗakinsa ya gaya mata gaskiyar lamarin tun kafin ya yanke, domin ita ce za ta tsaya gaban murhu ranar da babu. Matar da aka yi shawara da ita tana jure wahala da daɗin rai, wadda aka yi wa bazata kuwa tana jure ta da ciwo.

Sannan akwai haƙƙin wurin da za a bari. Yara sittin ko fiye suna zaune a gaban malamin nan, iyayensu sun ba da amanarsu. In ya tafi a watan Fabrairu saboda kakar albasa ta matso, wa zai kai su jarrabawar ƙarshen shekara? Alƙur'ani ya ambaci cewa Annabi Musa (AS) bai kama hanya da iyalinsa ba sai da ya cika wa'adin da ya ɗauka. Wanda zai fita ya cika alkawari, ya ba da sanarwa a kan lokaci, ya miƙa kayan aiki cif, ya yi sallama da alheri. Yaron shago kada ya tafi da masu sayen maigidansa a ɓoye, ma'aikacin kamfani kada ya tafi da sirrin da aka ba shi amana. Kasuwar da aka kafa a kan cin amana, ko ta cika da kaya, albarka ba ta kwana a cikinta.

Wasu sukan ce mafita ita ce a haɗa biyun, ƙafa ɗaya a aiki, ɗaya a kasuwa. Wannan hanya ce mai kyau in an tsare iyaka, amma tana da nata rami. Ma'aikacin da sunansa ke cikin masu karɓar albashi, jikinsa kuwa yana kasuwa a lokacin aiki, ya sayar da lokaci guda sau biyu. Abin da ya karɓa na sa'o'in da bai yi ba, ba halal ba ne, ko da babu wanda ya kama shi. Yamma tasa ce, ranakun hutu nasa ne, babban hutun damina nasa ne. A cikinsu zai gwada.

Ilimi kafin jari

An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar musulmi. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ma ya san tun a farkon littafin an nuna bai halatta mukallafi ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a kansa. Mai albashi yana iya shekara bai gamu da mas'alar ciniki ba, ɗan kasuwa kuwa yana gamuwa da ita sau goma kafin azahar: ɓoye aibin kaya, sa manyan albasa a bakin buhu ƙanana a ƙasa, tauye tiya, rantsuwar ƙarya kan farashin saye, ba manomi buhun hatsi ɗaya da damina a karɓi biyu da kaka, ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi don farashi ya hau.

In zai karɓi jari daga wani, ya san hukuncin ƙiradi a mazhabar Imamu Malik: ana raba riba ne da kaso sananne kamar rabi ko sulusi, ba a yanka wa mai kuɗi wani adadi tabbatacce, kuma in an yi asara ba da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa. Ya san zakkar kasuwanci: nisabi dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ana fitar da ɗaya cikin 40. Ya san bambancin mudiri, mai juya kaya kullum wanda ke ƙiyasta kayansa sau ɗaya a shekara, da muhtakiri, mai ajiye kaya yana jiran kasuwa, wanda zakkarsa ke jiran sayarwa. Waɗannan babuka suna cikin Risala, kuma akwai malamai a kowane gari da za su karantar da su.

Bayan ilimin hukunci sai ilimin sana'ar kanta, domin shi ma yana cikin ɗaure raƙumi. Malamin yana ganin motar albasa ta wuce, amma bai ga lissafinta ba. Bai ga yadda farashi ke faɗuwa lokacin da kowa ya kwashe gonarsa ba, bai ga buhunan da ke ruɓewa a cikin rudu kafin farashi ya tashi ba, bai ga kuɗin buhu da ƴan dako da dillali da mota da duwan ba, bai ga kwanakin da kaya ke yi a hanya cikin zafi ba. Ya ga gidan abokinsa, bai ga mutum nawa suka shiga tare da abokin suka fito da bashi ba, domin wanda ya karye ba ya shela. Sayyidina Abdurrahman da ya nemi hanyar kasuwar Madina ɗan kasuwa ne tun Makka. Jarinsa ya bari a baya, iliminsa kuwa ya taho da shi. Alhazan Maraɗi ma haka aka san su: yaro yana bin ubangidansa shekaru, yana koyon hanya da mutane da farashi, kafin a sallame shi da jari.

Istihara, shawara da muƙaddami

Idan murid ya tsarkake niyya, ya lissafa haƙƙoƙi, ya nemi ilimi, sai ya yi istihara. Istihara ba a yin ta bayan an riga an miƙa takardar ajiye aiki, kuma ba sharaɗi ba ne a yi mafarki. Raka'a biyu ce da addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya koyar, tare da zuciyar da ta yarda da kowace amsa. Bayanta sai a duba wace hanya ke sauƙaƙa, wace ke tsukewa.

Sai shawara, kuma a nemi ta wanda ya san hanya, har da wanda ya taɓa faɗuwa a cikinta. Zuwa wurin muƙaddami ladabi ne, addu'arsa kuma alheri ce, sau da yawa yana ganin ciwon da murid bai gani a ransa ba. Amma kada a je masa don a ɗora masa nauyin hukuncin, in an ci riba a ce iyawa ce, in an faɗi a ce shi ya ce a fita. Kada kuma a mai da wuridi laƙanin kasuwa. Wanda ya riƙi zikiri don shago ya cika, ranar da shago ya bushe zikirin zai bushe tare da shi. Ana ambaton Allah don Shi Allah ne, arziki kuwa yana biyo baya yadda Ya so.

Akwai kuma abin da mai shirin fita bai cika lissafawa ba, wato lokacinsa. Yana cewa in ya zama mai kansa zai samu sukunin ibada. Sau da yawa akasin haka ake gani. Ma'aikaci yana da lokacin tashi, mai shago ba shi da wanda zai ce masa ya rufe. Lazimin yamma yana faɗowa daidai lokacin da ciniki ya kankama, zikirin Juma'a yana zuwa ga masu saye a tsaye. Suratun Nur ta yabi mazajen da fatauci da ciniki ba su shagaltar da su daga ambaton Allah ba, kuma yabon ya nuna abin ba mai sauƙi ba ne. Murid ya tambayi kansa tun yanzu: ranar da mai sayen buhu ashirin ya zo ana kiran salla, wa za a ce ya jira?

Bayan an yanke

Malamin Madawa, in ya bi wannan tsari, wataƙila zai ƙarasa shekarar karatu da yaransa, ya ware abincin gida na wasu watanni ya damƙa wa maiɗakinsa, ya bi abokinsa a babban hutu da sulusin kuɗin kawai, ya ga hanya da idonsa. Yana iya dawowa ya gane an buɗe masa ƙofa, ya yi sallama da lakwal cikin mutunci. Yana iya dawowa ya gane alli ne rabonsa, ya koma aji da zuciyar da ta daina leƙen motoci, ya riƙe ƴar sana'ar yamma. Duk wadda ta faru bai yi asara ba, domin ya shiga da ladabi ya fita da ladabi.

Abin da ya rage shi ne yarda da abin da ya biyo baya. Riba ba hujja ba ce ta cewa Allah ya yarda da bawa, asara kuma ba hujja ba ce ta fushinsa. Sirri As-Saƙaɗi, kawun Imamul Junaidi kuma shehinsa, ɗan kasuwa ne a Bagadaza. Gobara ta tashi a kasuwa, aka zo aka gaya masa shagonsa ya tsira, sai ya yi hamdala. Daga baya ya ce ya shekara talatin yana neman gafarar wannan hamdalar, domin ya yi murna da tsirar kansa alhali shagunan ƴan'uwansa musulmi sun ƙone. Irin wannan zuciyar ake nema, ko a bayan tebur take ko a bayan sikeli. Wanda ya same ta, duk inda aka tsayar da shi zawiya ce.

Allah ya azurta ƴan'uwa da halal mai albarka, ya tsare su daga zaɓin rai, ya zaɓa musu abin da ya fi alheri ga addininsu da iyalinsu da makomarsu. Wanda ke cikin aiki Allah ya ba shi riƙon amana, wanda ke kasuwa Allah ya ba shi gaskiya, wanda ke tsakani Allah ya haska masa hanya, albarkar Shugaba (SAW). Amin. Allah ne Mafi sani.